Haƙƙin Addini Yana Kan Teburin Akawu

Ba yau Gwamnati ta fara yi wa talakawanta alkawarin cewa kowa zai bi addininsa ba tare da tsangwama ba. A 1957 Gwamnatin Ingila ta naɗa kwamitin Willink don ya binciki tsoron da ƙananan kabilu ke ji, kuma bisa shawararsa ta 1958 aka sa haƙƙin addini cikin tsarin mulkin 1960. Tsarin mulkin 1999 ya maimaita shi a sashe na 38, inda ya bayyana cewa ba za a tilasta wa ɗan makaranta karatun addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Wannan duk daidai ne, mun kuwa yaba.

Amma fa doka a takarda take. Mutumin Kankiya ko na Kusada bai taɓa ganin sashe na 38 ba. Akawun da ke rubuta masa takardar shaidar ɗan ƙasa shi ya sani, da mai duba filin da ya nema, da malamin da ke koya wa ɗansa. A wurinsa su ne Gwamnati. Tun 1976 aka soke En'e aka kawo ƙananan hukumomi, amma teburin nan bai gusa ba.

Galibin mutanen ƙasar nan Musulmi ne, ba mai musun haka. Sai dai kada a manta, a tsakiya da kudancin ƙasar Katsina, kamar Matazu maƙwabciyar Kankiya, da Malumfashi da Ƙafur, akwai Hausawa Kirista, yawancinsu jikokin Maguzawa. Ba baƙi ba ne. Kakanninsu sun yi noma a nan, sun biya haraji, sarakunan Musulunci kuma suka riƙe su da amana. To, in irin wannan mutum ya zo neman takarda, akawu ya ji sunansa Bulus ko Yohanna, ya ce masa ya komo gobe, goben kuma ta ƙi zuwa, wace amana aka riƙe? Ba zagi, ba duka, amma an nuna masa ƙasar ubansa ba tasa ba ce. Haka kuma tsakanin Musulmi ya-su-ya-su: ɗan Izala da ɗan Ɗarika, wanda duk ya fara kawo takardarsa shi za a fara sallama.

Wanda ya ce abin ƙarami ne, ya tuna watan Maris na 1987. Gardama ce ta tashi tsakanin ɗalibai a kwalejin horon malamai ta Kafanchan, kafin a ankara wuta ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da birnin Katsina. Masu ƙone-ƙonen nan, da yawansu ba su san ko hanyar Kafanchan ba. Ƙiyayyar da aka daɗe ana tarawa ce ta sami ashana.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jihar Katsina abu biyu. Ta aika wa kowace ƙaramar hukuma umarni a rubuce, da Hausa, a manna a ƙofar ofis, mai bayyana sharuɗɗan samun takardar shaida da na filin wurin ibada, da yawan kwanakin da za a jira. Kana duk makarantar da ke da yara na addini biyu, a ba kowane ɓangare malaminsa. In malami ya yi wuya a Kusada, a haɗa makarantu uku ko huɗu a ba su guda, ya riƙa zagayawa.