Ashana ɗaya a Bukoki

Duk wanda ya san Bukoki ta Arlit, unguwar zana da kwali da tsofaffin kwanoni, ya san ashana ɗaya ta isa ta cinye layi guda idan iskar hunturu ta taso, ga kuma wuyar ruwa. Don irin wannan ne kundin hukunta laifuka na Nijar, na 1961, ya tsananta wa mai cinna wuta da gangan: kasonsa ya fi tsawo idan ana kwana a wurin, balle in rai ya salwanta. Mun ga mujami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015. Inda gizo ke saƙa shi ne shaida: maƙwabta kan ga mai ashanar da idonsu, amma gaban jandarma sai su ce ƙaddara ce.