Ranar da tsohuwar Mazda ta kunyata ni a cikin BMW i8

Kun sha tambaya ta wace mota ce ta fi gudu a duniya. Yau labarin wurin da gudu bai cika amfani ba zan ba ku.

A ziyarar da na kai Amurka, wani abokin karatuna da ke aiki a can ya kai ni wata gasa da suke kira otokuros. Gasa ce ta masu sha'awa kawai. A makeken filin ajiye motoci ake jera robobin nan masu tsini masu ruwan lemo, irin na ma'aikatan titi, su zama hanya mai yawan kwana. Kowa shi kaɗai yake tashi, agogo ne abokin karawarsa. Zagaye ɗaya kusan minti guda ne, kuma duk robar da ka kayar sai a ƙara maka daƙiƙa 2. Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ta fi shirya irin wannan a ƙasar, tana kuma yin babbar gasarta duk shekara a Linkon ta jihar Nebraska.

Motar abokina BMW i8 ce, wadda aka ƙera a Laifzig ta Jamus daga 2014 zuwa 2020. A lokacin da ake ƙera ta, sabuwarta ta haura dala 135,000. Ƙofofinta sama suke buɗewa kamar fukafukai, kuma zuciya biyu gare ta. A baya akwai ƙaramin injin fetur mai silinda uku, lita 1.5, yana juya tayoyin baya. A gaba injin lantarki ne ke juya na gaba. Idan suka haɗu, ƙarfinsu ya kai na doki 357. Da ya miƙo mini makulli da hular kwano, hannuna har rawa yake. Kayan aro ne, kuma albashina na shekaru ba zai biya ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne tashinta. Injin fetur sai ya ɗan ɗauki numfashi kafin ya ba da ƙarfi, na lantarki kuwa kana taɓa totur ya amsa. Bayana ya manne da kujera. Batirin yana kwance a ƙasa, tsakanin kujerun biyu, don haka motar ba ta rinjaya gefe a kwana. Kuma idan ka ɗaga ƙafa, injin gaban sai ya koma janareto, yana rage gudu yana cika batir. Rurin nan mai daɗi da na ji a ciki, ashe da taimakon lasifika ake ƙara masa kauri. Na ɗan ji haushi da aka gaya mini.

A kwana ta uku na yi ɓarna. Na shigo da gudu, na danna birki a makare, na murɗa sitiyari a lokaci guda. Motar ta ƙi juyawa, ta miƙe gaba tana ƙara, robobi uku suka yi sama.

Laifina ne, kuma darasin fiziks ne da kuke yi a aji. Riƙon da taya ke yi wa kwalta kamar kuɗin tara ne: adadinsa ƙayyadadde. Idan ka kashe shi duka a awara, babu na zoɓo. Ni na kashe riƙon tayoyin gaba a birki, sai na nemi su juya da abin da babu. Ƙari a kan haka, idan ka ninka gudu sau biyu a kwana ɗaya, ƙarfin da taya ke buƙata don ta riƙe motar ninkuwa yake sau huɗu. Dokin injin ko ɗari nawa ne ba ya canza wannan lissafi. Tayoyin i8 na gaba sirara ne, domin a rage cin makamashi, ga nauyin kusan tan ɗaya da rabi. Mota ce mai son a gama birki tun kafin kwana, a shiga a hankali, a fita da ƙarfi.

Wani dattijo mai furfura, da tsohuwar Mazda MX-5 wadda ba ta da rabin ƙarfin tawa, ya riga ni da daƙiƙoƙi masu yawa. Motarsa kusan tan ɗaya ce. Da safe na gan shi yana zagaya hanyar da ƙafa har sau uku, yana tsayawa a kowace kwana, ni kuwa ina can ina ɗaukar hoto da ƙofa a buɗe. Da na tambaye shi sirrin, sai ya ce ya lura idona na kan robar da ke gabana, nasa kuwa yana kan kwana ta gaba tun kafin ya iso ta.

A zagayen ƙarshe na gwada hakan. Na ji kamar na rage gudu, amma agogo ya nuna lokacina mafi kyau, kuma roba ɗaya kawai na taɓa. A dokar wurin kowane direba sai ya yi aiki, don haka na wuni cikin rana ina tsince robobin da wasu suka kayar. Da yamma kuma abokina ya miƙo mini tsumma, na durƙusa ina goge baƙin zanen da na bari a gaban motarsa.