Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Daga Makaɗan Dogon Hutu

Tun daga shekarar 2013, idan makarantun Amurka suka tafi dogon hutun bazara, zauren kiɗa na Carnegie Hall da ke birnin New York yakan tara matasa fiye da ɗari, 'yan shekara 16 zuwa 19, ya haɗa su su zama ayarin makaɗa guda mai suna NYO-USA. Ana sauke su a kwalejin Purchase, arewa da birnin, inda gwanayen makaɗan ƙasar ke horar da su na kimanin mako biyu, sa'an nan su fita rangadi. Ayarin farko ya yi wasa a Washington da Mosko da St. Petersburg da Landan. Koyarwa da masauki da ɗawainiyar rangadin duk suna wuyan masu shirin.

Ya kamata mu malamai mu dubi abin da ke samun matashi a waɗannan makonni, domin akwai abin lura a ciki. A ɗauki yarinyar da ke goga biyolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. A makarantarsu ita ce gwana, ita ake sa wa gaba a kowane biki. Da isarta sai ta tarar da wasu talatin masu irin kayan kiɗanta, kowa gwani ne a garinsu, kuma ana iya ba ta kujera a can layin baya. Takardar kiɗa ɗaya za su riƙa dubawa ita da abokiyar zamanta, ɗaya na juya shafi don kada sauti ya yanke. Kafin a fara, mai busa obo, wata 'yar'uwar algaita, zai fitar da amo guda, kowa ya daidaita nasa da shi. Dole sandar gogenta ta hau ta sauka tare da ta sauran, ko da tana ganin nata salon ya fi daɗi. Mai ganga a can ƙurya kuwa yakan zauna shiru yana ƙirga ɗaruruwan bugu a zuci, yana jiran wuri ɗaya tak da za a buƙace shi. In ya riga lokaci ko ya makara, ya ɓata aikin mutum ɗari.

Wannan tarbiyya ce babba. Yaro yana koyon saurare, da haƙurin jiran lokacinsa, da rage murya don ta wani ta fito. Su ne halayen da muke fama mu dasa a aji tun daga firamare, ga shi kiɗa yana dasa su ba tare da bulala ba.

Sai dai akwai ƙofar da ake bi kafin a kai ga wannan kujera. Mai nema yana aika bidiyon kansa yana kaɗa sassa masu wuya, alƙalai su zaɓa. Ba a koyon biyolin a wata guda. Duk wanda ya tsallake wannan gwaji, akwai malamin da ya shekara da shekaru yana gyara masa riƙo da zama, akwai kuma wanda ya saya masa kayan kiɗan ko ya ba shi aro. Saboda haka, ko da yake shirin kyauta ne, an riga an yi rabon tun yaran suna ƙanana. Ɗan da makarantarsa ba ta da malamin kiɗa bai faɗi gwajin ba, hasali ma bai san ana yi ba. Masu shirin da kansu sun gane haka, shi ya sa a 2016 suka buɗe NYO2 don 'yan shekara 14 zuwa 17, suna mai da hankali ga yaran al'ummomin da ba a cika ganinsu a irin wannan kiɗa ba.

A nan maganar ta shafe mu. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta ƙasarmu tana da darasin al'adu da fasaha, kuma kiɗa da waƙa suna cikinsa. Kowa a cikinmu ya san yadda ake yi da shi a makarantu da dama: a ɗora wa malamin da jadawalinsa ke da gurbi, shi kuma ya rubuta sunayen kalangu da kakaki a allo, yara su kwafa, ba tare da sun taɓa ko ɗaya ba. Gangunan makaranta suna kulle a sito har sai faretin Ranar Yara ta 27 ga Mayu ya matso, a kakkaɓe musu ƙura, a yi atisayen mako guda. Da ma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce ajin da ba shi da kujeru ina shi ina zancen kiɗa. Wani uban kuma zai ce bai kawo ɗansa makaranta don ya zama maroƙi ba. Duka biyun suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Amsarmu ita ce ba biyolin muke nema ba, kuma ba mu ce kowane yaro ya ɗauki kiɗa sana'a ba. Ganga da sarewa da muryoyin yara arba'in masu amshi tare sun isa su koyar da wannan saurare da wannan haƙuri, muddin akwai mai koyarwa da ya san aikin, yana kuma nan daga zangon farko har na uku.

Don haka muke kira ga reshenmu da ya sa wannan batu cikin abubuwan da zai tattauna da hukumomin ilimi: a ɗauki malaman da suka karanci fannin, a tura masu sha'awa daga cikinmu ƙaro ilimi, a fito da kayan da ke sito a riƙa amfani da su kowane mako. In har za a shirya wa yara wani abu a dogon hutu, to a gina shi a kan aikin shekara, a kuma biya malaman da za su sadaukar da hutunsu. Iyaye kuma, idan aka dawo hutu, su tambayi 'ya'yansu wa ke koya musu darasin fasaha, kuma me suka taɓa riƙewa da hannunsu a cikinsa.