Gyaran Abin Aski A Gida: A Gwada Ciko, A Ajiye Magagari

Reza na cikin kayan da ba sa yankewa a teburin mai tireda, daga cikin garin Gumel zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, har ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Wannan arahar ce ke sa matashin da ya gaji da sayen abin askin roba na yarwa, ko jiran wuta don cajin kilifa, ya koma ga abin askin ƙarfe irin na da, wanda ake kwancewa a sa masa reza mai baki biyu. Bayan aski biyu ko uku sai ya ga bai kwashe gashi yadda yake so ba. Ya buɗe YouTube ko TikTok, ya tarar da bidiyon masu nuna yadda ake ƙara masa ci: wani ya sa ciko, wani ya sassauta mariƙi, wani kuma ya ɗauki magagari ya goge shingen da ke gaban rezar.

Mutum na da ikon gyara abin da ya saya da kuɗinsa. Amma a cikin dabarun nan uku, guda ɗaya ce kawai ta cancanci gwaji, domin ita kaɗai ake iya warwarewa idan ta ɓaci.

Tun da King Camp Gillette ya samu rajistar ƙirarsa a Amurka a 1904, tsarin abin askin nan bai sauya sosai ba. Irin wanda ya fi yawa kashi uku ne: hula a sama, faranti a ƙasa, sai mariƙi da ke ɗaure su. Rezar na zama tsakanin hula da faranti, a ɗan lanƙwashe. A bakin farantin akwai ɗan shinge da ke danne fata kafin kaifi ya iso. Tazarar da ke tsakanin bakin reza da wannan shinge ita ce ke yanke hukunci: idan ta yi faɗi, fata da yawa ke shiga, askin ya fi kwasa, yanka ma ya fi sauƙin faruwa. A yawancinsu tazarar ba ta wuce milimita ɗaya ba, ita kuma rezar kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. A irin wannan ma'auni, ido ba ya iya awo.

Ciko shi ne a yanke bakunan wata reza da almakashi, a bar tsakiyarta mai ramuka, a shimfiɗa ta a kan faranti, sannan a ɗora rezar aski a kai. Hakan na ɗaga rezar kaɗan, tazara ta ƙaru da gwargwadon kaurin cikon. Kamfanoni ma sun daɗe da sanin amfanin sauya tazara. Gillette ya fitar da Fatboy a ƙarshen shekarun 1950, mai abin murzawa daga lamba 1 zuwa 9, kuma har yanzu kamfanin Merkur na Jamus na ƙera irin masu murzawar. Matashin Gagarawa da ba zai iya biyan kuɗin irin waɗannan da kuɗin kawo su ba, idan ya sa ciko, abin da suke yi yake kwaikwayo da kuɗin reza ɗaya. Idan bai ji daɗi ba, ya zare cikon, abinsa ya koma yadda ya sayo shi.

Sassauta mariƙi kuwa yana barin reza tana rawa, ga ruwa da kumfa a hannu. Magagari ya fi shi muni. Masu araha da yawa ana zuba su ne da haɗin ƙarfen da tutiya ta fi yawa a ciki, a lulluɓe da wani siririn shafe mai ƙyalli. Da zarar an goge shafen, ruwa ya samu hanya, ƙarfen ya fara cinyewa. Ga shi hannu ba zai goge ɓangarorin biyu daidai ba, sai gefe ɗaya ya riƙa aski, ɗayan yana yanka.

Duk wanda ya taɓa kai waya a yi mata filashin ba tare da ya adana hotunansa da lambobinsa ba ya san wannan darasi. Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida: a sauya abu ɗaya, a gwada, a kuma bar hanyar komawa baya. Wanda ya sauya reza, ya sa ciko biyu, ya canza sabulu duk a rana ɗaya, in wuyansa ya yi ja ba zai san mai laifin ba.

Akwai kuma tambayar da bidiyoyin nan ba su cika yi ba: shin aski mai kwasa har gindin gashi shi ne aski mai kyau? Yawancin masu ɗora su gashinsu miƙaƙƙe ne. Gashin mutanen nan yankin kuwa murɗaɗɗe ne, idan aka yanke shi dab da fata, ko ƙasa da ita, sai ya tsiro ya lanƙwasa ya soki fatar. Daga nan ƙurajen aski ke fitowa a wuya da ƙeya, su bar baƙin tabo, wasu ma su zama tudu mai tauri. Saboda haka, ga mai irin wannan fata, ƙara wa abin aski ci na iya ba shi santsin yini ɗaya da ƙurajen mako biyu.

Mai kare gyaran zai ce gashi mai kauri ba ya jin abin aski mai sanyi, kuma maimaita wuri ɗaya sau huɗu shi ma yana ƙona fata. Gaskiya ne, shi ya sa ciko ɗaya ke da gurbi. Amma sau da yawa matsalar daga shiri take. Wanzami ba ya ɗora aska a busasshen kai, sai ya jiƙa ya murza tukuna. Jiƙa gashi da ruwan ɗumi na 'yan mintuna, kumfa mai kyau, sabuwar reza, bin inda gashi ya kwanta, da daina dannawa, sun fi kowane ciko tasiri, musamman da hunturu lokacin da fata ke bushewa. Bayan aski, ɗan man kaɗanya ya wadatar.

Ga wanda ya ga dole sai ya gwada, a yi cikon da sabuwar reza ko wadda mutum ya san shi kaɗai ya yi amfani da ita. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya rayuwa a wajen jiki har kwana 7 a ƙalla, don haka rezar aboki ko ta ɗan'uwa ba abin aro ba ce. Lokacin yanka, ɓarɓashin ƙarfe na iya tsalle zuwa ido. Bakunan da aka yanke a zuba su cikin gwangwani mai murfi, domin a gidan da yara ke yawo ba takalmi, jefa su a tsakar gida ko a juji ganganci ne.

A fara da ciko ɗaya, a yi aski uku da shi, a ɗauki hoton wuya da waya washegarin kowane aski a kwatanta. Idan ƙuraje sun ƙaru, a zare shi. Idan kuma sun ƙi lafawa bayan an daina askin na 'yan makonni, sai a nufi asibiti.