Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Muna so mu yi amfani da wannan fili da mujallarmu ta ba mu domin mu jawo hankalinku ga wani al'amari wanda mutane da yawa za su ɗauka na yara ne, alhali kuwa in an dube shi da idon basira za a ga ya shafi makomar fasaha a ƙasarmu. Al'amarin shi ne irin amsar da muke ba ƙannenmu da abokanmu idan suka ƙera wani abu da kansu a cikin wasannin nan na kwamfuta da na waya, waɗanda ake kira gem, suka kawo mana domin mu gani.

Mu da muka fito daga ƙasar Tofa mun san yadda zamani ya juya. Ƙasarmu ta noma ce, gona na manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye, amma duk wanda ya je hutu gida a 'yan shekarun nan, ko cikin garin Tofa ne ko Lambu ko Doka ko Janguza, ya ga yadda shagon cajin waya ya zama sabon dandalin samari. Da an taso daga gona, ko kuwa da rani sa'ad da aiki ya yi sauƙi, nan ake taruwa ana tura wa juna wasanni daga waya zuwa waya. Yawancinsu bugawa kawai suke yi su tashi. Amma akwai 'yan kaɗan da ba su tsaya nan ba. Za ka tarar da wani ya zana rigar Kano Pillars mai kore da ruwan ɗorawa ya sa wa 'yan wasansa a Dream League Soccer. Wani ya ɗauki tsohon wasan ƙwallo na PES ya yi masa kwaskwarima, ya sauya 'yan wasa da filaye. Wani kuma ya gina gida irin namu a Minecraft, da zaure da rumbu da turken dabbobi. Ba wanda ya koya musu a aji. Da wayar da gilashinta ya tsage suke yi, da kuɗin data da suka samu wajen ƙwadago, kuma kowane caji sai sun biya.

To, idan yaro ya kwana bakwai a kan irin wannan aiki ya fito da shi, me yake samu daga gare mu? Galibi ɗayan abu biyu ne. Na farko kirari: "Kai, gwani ne kai, babu irinka a duk Kano!" Mai faɗin haka sau da yawa bai ko buɗe wasan ba, ya dai ga hoto ne, kuma yana jin nauyin ɗan unguwarsu. Na biyu kuwa izgili: "Wannan ai shirme ne, je ka nemi sana'a." Shi ma wannan bai buga ba. Inda ake ba da taurari kuma, sai aboki ya ba da biyar domin abota, wani ya ba da ɗaya domin mai aikin ɗan Barcelona ne shi kuwa ɗan Madrid. Yaron da aka yi wa kirari zai koma ya maimaita kurakuransa yana zaton ya gama iyawa. Wanda aka yi wa izgili zai share aikin daga wayarsa, mai yiwuwa ba zai sake ƙera komai ba har abada. A duka biyun mun yi asarar mai fasaha, kuma mu ne muka jawo.

Kada wani ya zaci wannan ƙaramar asara ce. Wasan nan Counter-Strike, wanda har yau ake gasarsa a duniya ana cin maƙudan kuɗi, asalinsa kwaskwarima ce da wasu ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wani wasa mai suna Half-Life a shekarar 1999. Sun fito da shi ɗanye, suka riƙa sauraron abin da masu bugawa ke faɗi, suna gyarawa suna sake fitarwa, har kamfanin Valve ya saye shi a shekarar 2000. Ɗaya daga cikin filayen da aka fi sani a cikinsa, watau Dust, wani saurayi ɗan Ingila mai suna Dave Johnston ne ya zana shi tun bai kai shekara ashirin ba. Haka kuma PUBG, wanda samarinmu ke bugawa dare da rana, ya samo asali ne daga kwaskwarimar da wani ɗan ƙasar Ailan, Brendan Greene, ya fara yi wa wasan Arma a 2013, kafin ya zama wasa mai cin gashin kansa a 2017. Waɗannan mutane ba su fi ƙannenmu ƙwaƙwalwa ba. Sun fi su kayan aiki, wannan gaskiya ne, kuma ba a hannunmu gyaransa yake ba. Amma sun fi su da wani abu guda wanda yake hannunmu, watau mutanen da za su buga aikinsu da gaske su gaya musu inda ya karye.

Abin mamaki shi ne, wannan ɗabi'a ta gyara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku dubi masu dara a gindin bishiya. Gurabe talatin ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa goma sha biyu. Idan aka cinye yaro, dattijon da ke kallo ba ya ce masa ba ka iya ba ya yi shiru. Mayar da 'ya'yan yake yi inda suke ɗazu, ya nuna masa da yatsa: nan ka buɗe masa hanya, da ka toshe wannan gurbi da bai jera uku ba. Yaron ya ga kuskurensa da idonsa, gobe ba zai sake ba. Haka nan 'yan tashe, idan watan azumi ya kwana goma suka fara zagaya gidaje da wasan da suka shirya, tun a gida na farko suke jin inda aka yi dariya da inda aka yi tsit, kafin su kai gida na goma sun gyara. Ashe sharhi mai amfani tsohon kayanmu ne, waya ce kawai ta sa muka ajiye shi.

Mu ɗaliban jami'a ma muna da misali a littattafan da ake koya mana. A shekarar 1933 ne Rupert East na ofishin fassara da talifi na Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, yana da shekara 22 a lokacin, watau sa'anmu ne. Ba a ba shi kyauta aka sallame shi ba. A 1936 an kawo shi Zariya ya zauna yana rubuta Magana Jari Ce, East yana duba aikin suna tattaunawa a kai. Baiwa ta Imam ce, babu mai musun wannan, amma baiwar ta samu mai karanta ta a tsanake yana faɗa mata gaskiya. Abin da muke nema wa ƙannenmu ke nan.

Saboda haka muna ba da shawarar wasu sharuɗɗa ga duk wanda zai yi sharhi a kan wasan da wani ya ƙera.

Sharaɗi na farko, kada ka ce komai sai ka buga, kuma ka faɗi iyakar inda ka kai. Kasuwar wasanni ta Steam tana nuna adadin sa'o'in da mutum ya yi yana buga wasa a gefen sharhinsa, domin mai karatu ya san nauyin maganar. Mu ma sai mu riƙa cewa, na buga sau biyar, ko na tsaya a mataki na biyu. Shaidar wanda ya gani daban take da ta wanda ya ji labari.

Na biyu, ka nuna wurin da matsalar take, kamar yadda dattijon dara ke nunawa da yatsa. Alal misali, maimakon ka ce rigar ba ta yi kyau ba, sai ka ce: "Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Launin rigar ya fito daidai, amma lambar da ke baya ta saje da shi, ba a ganinta in ɗan wasa yana gudu. Da ka mai da ita fara. Tambarin ƙirji kuma ya ɗan karkata hagu." Wannan magana ba ta kai minti ɗaya ba, amma ta ba shi aikin da zai yi yau da dare, kuma ta nuna masa cewa wani ya ɗauki wahalarsa da daraja.

Na uku, ka faɗi irin wayar da ka yi amfani da ita. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da a Turai, domin wayoyin mutanenmu sun bambanta ƙwarai wajen ƙarfi. Wasan da ke tafiya sumul a babbar waya yana iya sanƙarewa a ƙarama. Idan ba ka faɗa ba, mai aikin zai ɓata kwanaki yana neman laifi inda babu shi, ko kuwa ya yi ta ƙera abin da rabin abokansa ba za su iya buɗewa ba.

Na huɗu, ka raba son ranka da aibin aiki. In ba ka son wasan tsere da mota, wannan ba laifin wanda ya gina hanyar ba ne. In ƙofa ta ƙi buɗewa bayan an cika sharuɗɗanta, wannan aibi ne. Ka faɗi na biyun, ka riƙe na farkon a cikinka, ko kuma ka faɗe shi a fili cewa ra'ayinka ne kawai. Sa'an nan abin da ya yi kyau shi ma ka ambace shi da sunansa, domin mai aiki ya san abin da zai riƙe kada ya rushe shi wajen gyara.

Su ma masu ƙerawa akwai haƙƙi a kansu. A wasan Super Mario Maker da kamfanin Nintendo ya fitar a 2015, a lokacin da ake iya sakin filaye a cikinsa, ba a barin mutum ya saki filin da ya gina sai ya bi shi da kansa daga farko har ƙarshe ya tsallake. Doka ce mai kyau, ya kamata kowa ya ɗora wa kansa. Kada ka ba jama'a abin da kai ba ka gwada ba. Idan ka gyara wani abu saboda maganar wani, ka faɗa, domin ya san bai yi maganar banza ba. Idan kuma ka ɗauko zanen wani ko muryar wani ka sa a naka, ka ambaci sunansa, domin cin gumin wani ba ya zama halal don kawai a cikin waya aka yi shi. Kuma in an nuna maka kuskure kada ka ɗauka gaba ce.

Mun san akwai masu cewa ai mu mutane ne masu kunya da kara, ba ma iya duban idon mutum mu kushe aikinsa. Kunya ado ce, ba ma neman a yar da ita. Sai dai mu tambayi kanmu, maƙerin da ya ga almajirinsa ya ƙera fartanya mai karkataccen baki ya yi shiru don kara, ya taimake shi ke nan ko ya bar shi ya je kasuwa ya ji kunyar da ta fi? Kara tana cikin yadda aka faɗi magana, da lokacin da aka faɗe ta, da gaban wanda aka faɗe ta. Ana iya jan yaro gefe, a fara da sannu, a ƙare da addu'a, a tsakiya kuma a faɗi gaskiya.

Akwai kuma iyayenmu da ke ganin duk harkar gem ɓata lokaci ce, kuma suna da hujja, domin mun ga waɗanda ta raba da karatu da gona har da salla a kan lokaci. Amma lalle ne a bambanta yaron da ya wuni yana danna waya da wanda ya zauna yana auna launi, yana lissafin tazara, yana bin kuskure har ya gano tushensa. Na biyun nan zane yake koyo da lissafi da haƙuri, kuma su ne harsashin aikin injiniyan kwamfuta. In ba mu ja shi a jika mun nuna masa hanya ba, zai gaji ya koma sahun na farkon. Bayan haka, muddin namu ba su ƙware ba, haka za mu ci gaba da buga wasannin da babu zaure ko kasuwa ko harshenmu a cikinsu, muna biyan kuɗi muna kallon rayuwar wasu.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da su ware yamma ɗaya a kowane wata domin zaman gwaji, inda duk mai abin da ya ƙera zai kawo, a buga a gabansa, kowane mai gwaji ya rubuta masa abu ɗaya da ya yi daidai da abu ɗaya da ke son gyara. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta su duba aikin ciki, na sashen Hausa su duba harshe da al'ada. Mu kuma 'yan ƙasar Tofa da maƙwabtanmu, idan hutu ya zo kada mu wuce shagon caji muna ɗaga kai don mun shiga jami'a. Mu zauna a benci, mu karɓi wayar ƙanenmu, mu buga abin da ya gina har ƙarshe, sa'an nan mu gaya masa abin da muka gani. Ba a bukatar kasafin kuɗi ko izinin wata hukuma kafin a fara wannan.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya cikin ladabi, da karɓarta cikin haƙuri, amin. Wassalam.