Tartsatsin Fulogi Da Ilimin Da Muka Ƙi Rubutawa

A daminar da ta gabata ina kan hanyar Goronyo daga Sakkwato domin gaisuwar rasuwa, sai tsohuwar motar da na gada daga mahaifina ta fara shaƙewa bayan na wuce Achida, ta yi tari biyu, ta mutu. Makonni uku kafin nan wani gareji a birni ya canza mini famfon mai, ya wanke kafireta, ya karɓi kuɗin da ba zan faɗa ba don kada uwargida ta karanta, amma ciwon yana nan: in inji ya yi zafi ta mutu, in ya huce ta tashi.

Wani dattijon bakanike aka ɗauko mini a kan babur daga wajen Wurno. Kafin ya iso motar ta huce, ta kuma tashi, amma ya hana ni tafiya. Ya bar ta tana aiki har ta sake mutuwa da kanta, sannan ya zare wayar tsakiya daga kan distiributa, ya kusantar da bakinta ga jikin inji, ya ce in murza makulli. Tartsatsin da ya fito ja ne, mai rauni. Ya taɓa kwayil, ya janye hannu da sauri, ya ce, "Mallam, ba mai ba na, wuta ta." Ya naɗe kwayil ɗin da jiƙaƙƙen tsumma, motar ta tashi, na lallaɓa na isa, washegari na sayi wani.

Mai karatu, bari in fayyace abin da ya faru. Batir volt 12 kacal yake bayarwa, wanda ba zai iya tsallake 'yar tazarar bakin fulogi ba. Kwayil ne ke ɗaga shi zuwa volt dubu 15 ko fiye, a duk lokacin da kwantak ya buɗe, kwandansa kuma na hana bakin kwantak ƙonewa, sannan distiributa ta raba wutar ga fulogai huɗu bisa jerin 1, 3, 4, 2. Tsohon kwayil kan yi aiki da sanyi, ya gaza da zafi. Fulogi ma shaida ne: baƙin toka na nuna mai ya yi yawa, maiƙon baƙin mai na nuna ringi ya cinye, fari fat kuwa mai ya yi ƙaranci ko zafi ya wuce kima. Dattijon nan ya san duk wannan, bai kuwa taɓa zama a ajin boko ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsarin tunaninsa. Ya sake haifar da matsalar da gangan, ya raba zargi gida biyu, ya kore ɗaya da gwaji guda, wato dai abin da muke shekara muna cusa wa ɗaliban digiri na biyu da sunan dabarun bincike. Kuma da Hausa ya yi shi. A matsayina na ɗalibin harshe, na lura kalmar Turanci mai gaɓa ɗaya ta zama fulogi mai gaɓa uku a bakin Bakano, ta zama hulogi a bakin Basakkwace, domin harshenmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere. Babu kwamitin da ya zauna ya yi wannan aiki. Muna da ƙamusun Bargery na 1934, muna da na Jami'ar Bayero na 2006, sai dai ƙamus ma'anar kalma yake bayarwa, ba ya koya wa yaro yadda zai bambanta ciwon wuta da na mai.

Na san za a ce zamanin waɗannan motoci ya wuce. Gaskiya ne Peugeot 504, Fijon da aka yi shekaru ana harhaɗawa a kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975, an daina ƙera ta, kuma tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci kafar da ake jona na'ura ta karanto matsala. To amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, manomi nawa ne a Rabah zai iya canza mota? Waɗannan tsofaffin ne ke kai albasa da shinkafa kasuwa, su ne ke ɗaukar mai naƙuda cikin dare. Injinan ban-ruwa da ke fadamun da madatsar Goronyo ke shayarwa, da babura, duk fulogi da kwayil ke tayar da su. Ita kanta na'urar tana iya cewa silinda ta uku ba ta ƙona mai, amma dalilin sai mai tunani ya nemo, in ba haka ba a koma canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin talaka, kamar yadda aka yi mini.

Saboda haka ina kira ga sassan nazarin harsunan Nijeriya da na injiniya a jami'o'inmu, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa, su tura ɗalibai garejin Wurno da Goronyo da na'urar naɗar magana, a tattara wannan ilimi, injiniyoyi su tace kurakuransa, a fitar da ɗan littafi da boko da ajami. Hukumomin jarrabawar sana'a kuma su yarda a gwada bakanike da harshen da ya koyi aikin, a ba shi takarda.

Da za mu rabu na ce, "Baba, yara nawa ka yaye?" Ya ce goma sha ɗaya. Biyu kaɗai ke riƙe da sifana yanzu, sauran duk sun koma kabu-kabu.