MANYAN GRA, A SAUKO DAGA MOTA

A duk faɗin garin Bauchi babu inda ya kai GRA daɗin tafiya a ƙasa. Ga tituna masu faɗi, ga inuwar itatuwa, ga ƙarancin hayaniya. Amma abin mamaki, babu waɗanda suka kai mazauna wannan unguwa ƙyamar taka ƙasa. Maigida ya fito ɗaki mai sanyi ya faɗa mota, direba ya sauke shi a bakin ofis, masinja ya karɓi jaka. Ko masallacin bayan gida sai an tada mota. In tumbi ya fara turo riga, sai 'yan fadanci su ce ai hutu ne ya karɓi Alhaji.

To jama'a, wannan teɓa ba hutu ba ce. Kitsen da ke taruwa can cikin ciki ya lulluɓe hanji da hanta, shi likitoci suka fi tsoro, domin shi ke share wa ciwon sukari da hawan jini hanya. A cikin 1953 wani likitan Ingila, Jeremy Morris, ya bayyana abin da ya gano game da ma'aikatan bas mai hawa biyu a birnin Landan. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka wajen karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi. Shin maigadin Alhaji da Alhaji, wa ya fi kama da direban nan?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako. Watau rabin awa kowace safiya ta wadatar a fara. Ba sai an je filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ba, ba kuma sai an yi odar keken motsa jiki daga waje wanda ƙarshensa ya zama wurin rataye babbar riga. Tafiya ce da sauri, irin wadda mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Bayan Asuba ya fi, musamman a zafin Maris da Afrilu. Uwargida ma filin gidan GRA ya ishe ta zagaye.

Sai dai kada a ruɗi kowa. Tafiyar rabin awa tana ƙone kalori wajen 150 ne, watau daidai abin da ke cikin kwalbar lemo guda, alhali kuwa kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Wanda ya zagaya unguwa da sassafe, sa'an nan ya tura direba ya sayo masa masa goma sha biyar, ya kora da lemo biyu, zuciyarsa ta amfana, amma ta fuskar tumbi ya yi aikin baban giwa. Masar Bauchi ba a raina ta, ni ma ban ce a bari ba. A rage dai.

Masu sa rigar leda don gumi ya zubo kuwa, ruwa suke zubarwa, da sun sha randa nauyi ya dawo. Haka nan lanƙwasa ciki sau ɗari ba ya narkar da kitsen ciki shi kaɗai, jiki daga ko'ina yake ɗiba.

Mai ciwon zuciya ko gwiwa ya fara ganin likita tukuna. Sauran kuwa su samo igiya, su yanke ta daidai tsawonsu, su ninka biyu su zagaya cibiya da ita. Wanda bakin igiyarsa bai haɗu ba, gobe da asuba ya bar makullin mota a kan tebur.